Malami Ne Ko Ɗalibi? Tarihin Mataimakin Malami a Jami'a

A cikin shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta mai da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru jami'a. Tun daga sa'an nan mutanen ƙasar Zuru, watau na Danko da Wasagu da Sakaba da Fakai da Dabai, suka sami jami'a a bakin ƙofarsu. Wannan abin murna ne ƙwarai. Amma mu sani, gini da kujeru ba su ne jami'a ba, malamai su ne jami'a. Malamin jami'a kuwa ba a sayo shi a kasuwa, renonsa a ke yi shekara da shekaru.

Ya kan yiwu wani uba a Danko ya ji an ce ɗansa ya gama digiri, har jami'a ta riƙe shi ya yi koyarwa. Uban ya yi godiya ga Allah, ya gaya wa dangi ɗansa ya zama malami. Ran da yaron ya zo ganin gida kuma, sai ya ce shi har yanzu karatu ya ke yi, yana da jarrabawa a gabansa. Sai uban ya rasa gane kan zancen, shin malami ne ko ɗalibi? Amsa ita ce duka biyu ne. A jami'a a kan kira irin wannan yaro mataimaki mai digiri. Yana karɓar albashi, yana koya wa na ƙasa da shi, shi kuma yana neman digiri na biyu a hannun na gaba da shi. Nufinmu a nan mu bi tarihin wannan matsayi, mu ga wa a ke ɗauka, mene ne aikinsa, da kuma abin da ke faruwa in an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Gardi da Mai Maimaitawa

Kada mai karatu ya zaci Turawa ne suka kawo mana wannan al'ada. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san ta. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sa'an nan alaramma da gwani. Malam guda ba ya iya zagaya yara sittin ko saba'in ya biya wa kowa. Saboda haka gardawa su ke rubuta wa ƙanana allo, su biya musu, su saurari haddarsu, su tsawata wa mai wasa. In dare ya yi, yara sun kwanta, gardi ya ɗauki nasa allon ya tafi gaban malam, shi ma a yi masa ƙari. Babu gardin da ke da ikon ya ce yaro ya sauke Alƙur'ani, wannan hukuncin malam ne shi kaɗai. Ka riƙe wannan a zuciyarka, don za mu sake gamuwa da shi a jami'a.

A ƙasashen Larabawa ma haka abin ya ke tun zamanin da. A shekarar 1067 aka buɗe babbar makarantar Nizamiyya a Bagadaza, wadda waziri Nizamul Mulki ya gina. A makarantu irin wannan akwai babban malami, akwai kuma wanda a ke ce wa mu'idi, watau mai maimaitawa. In babban malami ya ba da karatu ya tashi, sai mu'idi ya zauna da ɗalibai, ya sake bi musu karatun daki daki, ya warware wa wanda bai gane ba. Shaihu Abu Ishaƙ Shirazi, wanda ya shugabanci karatu a Nizamiyya, shi kansa ya yi shekaru yana mu'idi a gaban malaminsa Abu Ɗayyib Ɗabari kafin ya kai wannan matsayi. Har wa yau a jami'o'in Masar, wanda aka riƙe bayan digirin farko don ya taimaka da koyarwa, mu'idi a ke ce masa.

Zamanin Shehu

A ƙasarmu babu misalin da ya fi na gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Wajen 1774, yana da shekara ashirin, ya fara wa'azi da karantarwa a Degel, alhali kuwa bai daina zuwa ɗaukar karatu wurin malamansa ba, irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna Gwandu daga baya, ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta. A ciki ya faɗi cewa yana ɗan shekara 13 mahaifinsu ya danƙa shi a hannun Shehu. Ka ga ke nan Shehu yana karantar da ƙanensa, shi kuma ana karantar da shi.

A wancan zamani shaidar malanta ita ce ijaza. Malami ne ke ba ɗalibinsa izni ya karantar da littafi kaza, bayan ya tabbata ya san shi ciki da waje, ya kuma ga halinsa. Iznin littafi guda ba ya zama iznin dukan ilmi. Mai ijazar ƙaramin littafin fiƙihu ya karantar da shi, amma ba ya taɓa tafsiri sai ya kai.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta koya mata karatu, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan rawani, ta koma ta koya wa matan garinsu. Jaji kuwa ba ta yanke zuwa wurin Nana. Ta kan komo da ayarinta, ta ƙaro karatu, ta sake komawa.

Daga waɗannan misalai za mu ga sharuɗɗa uku da magabata suka tsare. Na fari, a zaɓi wanda ya fi sa'o'insa sani da hali. Na biyu, a ba shi aiki daidai gwargwadon saninsa. Na uku, kada aikin ya raba shi da nasa karatun.

Zuwan Boko

Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, suka so su buɗe makarantun boko, sai suka tarar babu masu koyarwa. Saboda haka da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, manyan malamai ya fara tarawa, waɗanda suka riga suka yi karatun Arabiyya. Aka koya musu rubutun boko da lissafi, su kuma suka shiga koya wa yara tun ba su gama ƙwarewa ba. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka tafi koyarwa a makarantun larduna.

A 1922 Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda aka kafa musamman don horon malamai. Karatun shekara biyar a ke yi. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, ya fita a 1931, ya koma ya yi koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya fita a 1932, ya koyar a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi, daga baya a 1945 aka aika da shi London ƙaro ilmin koyarwa. Dukansu suna 'yan shekara ashirin da kaɗan suka tsaya gaban aji. Haka kuma a shekarun 1950, sa'ad da aka ta da Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, yawancin masu koyarwa a azuzuwan manya mutanen gari ne da suka iya karatu da rubutu, aka yi musu ɗan gajeren kwas, aka ba su allo da alli. Kai da ka yi ajin manya, watakila malaminka bai fi ka shekaru ba, gaba kawai ya ke da kai a karatu.

Jami'a Ta Zo Arewa

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Arewa kuwa sai ran 4 ga Oktoba 1962 ta sami tata, watau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara da ɗalibai 426. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne, kuma galibin malamanta daga ƙasashen waje suka zo. Kowa ya san baƙo raɓa ne, ko ya daɗe zai tafi. Da aka naɗa Dokta Ishaya Audu shugaba a 1966, wanda ya riƙe jami'ar har 1975, sai aka dage wajen reno malamai 'yan ƙasa. Dabarar da aka bi ita ce ta tsangaya. Duk shekara a duba waɗanda suka fi cin jarrabawa, a riƙe su, a ba su ɗan aikin koyarwa, a sa su neman digiri na biyu da na uku, a nan gida ko a Ingila ko Amurka.

Sashen Tarihi na Zariya ya nuna irin amfanin da ke cikin wannan reno. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen a 1962, ya kan sa ɗalibansa masu neman babban digiri su binciko tarihin ƙasashensu. Mahdi Adamu, mutumin ƙasar Yawuri, ya rubuta tarihin Yawuri ya sami digiri na biyu a 1968. Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina ya sami digiri na uku. Su kuma suka zama manyan malamai, suka reni waɗansu.

A 1975 Gwamnati ta kafa sababbin jami'o'i bakwai, ɗaya a Sakkwato, wadda a yanzu a ke kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ta fara karatu a 1977 da ɗalibai 93, Farfesa Shehu Galadanci na shugaba. Wanda ya gaje shi a 1982 shi ne Mahdi Adamu ɗin nan, ya riƙe ta har 1989. Ka ga irin da aka shuka a Zariya ya yi tsiro a Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ita ma ta bi sahu. Aka kafa jami'ar jiha a Aliero a 2006, da ta Tarayya a Birnin Kebbi a 2013, sa'an nan ta Zuru a 2020. Kowace sabuwar jami'a da aron malamai ta ke farawa, amma ba ta tsayawa da ƙafafunta sai ta reni nata.

Wa A Ke Ɗauka?

Malantar jami'a tsani ce mai hawa bakwai. Na ƙasa duka shi ne mataimaki mai digiri. Daga shi sai mataimakin lakcara, sai lakcara mai daraja ta biyu, sai mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sa'an nan farfesa, wanda mu ke ce wa shehun malami.

Ba duk mai digiri a ke ɗora wa ƙafa a hawan farko ba. Digiri daraja daraja ne. A yawancin jami'o'inmu a kan auna ƙoƙarin ɗalibi na dukan shekarunsa bisa ma'auni mai maki biyar. Wanda ya sami 4.5 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya. Wanda ya sami 3.5 har zuwa ƙasa da 4.5 shi ne mai babbar daraja ta biyu. Galibi daga waɗannan biyu a ke zaɓe. Bayan wannan, sai ya kawo takardar shaidar ya yi hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda aka fara a 1973, ko shaidar an ɗauke masa ita. Sai malamansa su shaidi halinsa, sai kuma ya zauna gaban kwamiti a yi masa tambayoyi.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata iyaye su fahimta sosai. Wannan matsayi na koyo ne, ba wurin zama ba ne. A kan yanka masa wa'adi, galibi shekara biyu ko uku, ya kawo digiri na biyu. In ya kawo, a ɗaga shi zuwa mataimakin lakcara. In wa'adi ya cika bai kawo ba, jami'a tana da ikon ta sallame shi. Mutanen ƙasar Zuru ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai golmo, inda saurayi ke yi wa iyayen yarinya noma shekara da shekaru, har ya kai bakwai, kafin a ba shi mata. Ana gwada ƙarfinsa da haƙurinsa. Amma golmo yana da ranar ƙarewa, kuma kowane gefe ya san abin da ke kansa.

Aikinsa

Aikin mataimaki shi ne na mu'idi. Babban malami ya yi lacca ga ɗalibai ɗari biyu ko uku a babban zaure, inda ba mai damar yin tambaya. Daga baya a raba su ƙungiya ƙungiya, mataimaki ya zauna da su, ya maimaita, ya amsa tambayoyi, ya ba su aikin gwaji. A fannin kimiyya shi ke shirya kayan ɗakin gwaje-gwaje, ya tsaya a kan ɗalibai kada wani ya ƙone hannu ko ya fasa kwalba. A jami'ar aikin gona shi ke fita da su gona da garke, ya nuna musu yadda a ke auna fili, da ɗiban ƙasa don gwaji, da tazarar shuka, da yi wa dabba allura. Yana taimakawa da tsaron jarrabawa, da duba ƙananan ayyukan ɗalibai bisa ma'aunin da babban malami ya tsara, da tattara sakamako. Yana kuma taya malaminsa bincike, ta nan ne ya ke koyon yadda a ke yinsa.

Akwai kuma abin da ba nasa ba ne. Bisa ƙa'ida ba a danƙa masa darasi sukutum ya riƙe shi kaɗai, ba shi ke da maganar ƙarshe a kan wanda ya ci da wanda ya faɗi ba, ba ya kuma duba aikin mai neman babban digiri. Kamar dai gardi ne da saukar Alƙur'ani.

Wani nauyi da ke kansa shi ne amana. Jiya jiya ya bar benci, waɗansu ɗaliban abokan wasansa ne, waɗansu 'yan garinsu ne, waɗansu ma sun girme shi. Za a zo masa da roƙo, a zo da kuka, wani ya zo da abin hannu. In ya karkata sau ɗaya, ya zubar da girmansa ke nan har ya tsufa a aikin. Shi ya sa magabata suka sa hali gaba da sani.

Inda Gizo Ke Saƙa

Ƙa'ida ke nan, amma ba kullum a ke binta ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da darajar naira ta faɗi, malamai baƙi suka koma ƙasashensu, 'yan ƙasa da yawa kuma suka fita neman abinci waje. Ɗalibai kuwa sai ƙaruwa su ke yi. A 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa don ya duba bukatun jami'o'in gwamnati ya tarar cewa wajen 43 cikin 100 na malamansu ne kaɗai ke da digiri na uku. In manya sun yi ƙaranci, kaya a kan ƙanana su ke sauka. Sai ka ga an miƙa wa yaron da ya gama bara darasi biyu ko uku, da takardun jarrabawa ɗari ɗari, ga aikin ofis. Da rana yana aji, da dare yana maki. Yaushe zai buɗe nasa littafin? Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu a baki guda.

Hasarar kuwa kashi uku ce. Ɗalibai sun sami karatu daga wanda bai nuna ba. Shi yaron wa'adinsa ya cika ba digiri, ko ya yi shi a gaggauce ba inganci. Jami'a kuma ta rasa babban malamin da za ta samu bayan shekara goma sha biyar. Ga kuma yajin aiki, wanda ya rufe jami'o'in Tarayya wajen wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. Duk ran da aka rufe, karatun mataimaki ma ya tsaya, shekarunsa kuwa ba su tsaya ba.

Kowane manomi ya san bambancin hatsin ci da na iri. In kaka ta yi, ya kan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ɗaure ta dabam, ya rataye. Ko yunwa ta matsa a bazara ba ya taɓa ta, don ya san wanda ya ci irinsa ya ci damanarsa. Mataimaki mai digiri shi ne irin jami'a. Jami'ar da ta murƙushe shi da aiki don ta toshe ramin bana, irinta ta ke dakawa.

Ba a ce ba a yi kome ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka yi wa sabuwar doka a 2011, yana biya wa ƙananan malamai kuɗin neman digiri na biyu da na uku. Amma kuɗi kaɗai ba ya isa. Sai an rage wa yaro aiki, an kuma haɗa shi da babban malami mai zama da shi, mai karanta abin da ya rubuta, mai gyara masa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

To, jama'a, mu ma muna da namu rabon. In ɗanka ko 'yarka ta sami wannan matsayi, ka sani albashin na hawan farko ne, kuma daga cikinsa a ke sayen littattafai da kuɗin zirga-zirgar bincike. Kada dangi su yi masa caa da bukatu tun bai tsaya ba. Kada kuma mu riƙa aika masa 'ya'yanmu da saƙon a duba su a jarrabawa, don wannan shi ne kashe shi da hannunmu. In ya zo gida, tambayar da ta fi amfani ita ce, "Ina aka kwana a karatunka, saura wata nawa?" In kuma bincikensa ya kawo shi ƙauye, yana tambayar irin dawa ko ciwon shanu ko labarin kakanni, mu buɗe masa baki, gama abin da ya rubuta shi jikokinmu za su karanta.

Kai kuma da ka fito daga ajin manya, kana karanta wannan da bakinka, kai ma ka hau hawan farko na wani tsani. A gidanku ko a unguwarku akwai wanda bai san baƙi ba. Ka koya masa abin da ka iya, gwargwadon saninka, kada kuma ka daina zuwa wurin wanda ya fi ka. Haka gardi ya yi, haka jaji ta yi, haka kuma a ke so mataimakin malami ya yi a jami'ar Zuru da sauran jami'o'inmu. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.